Ƙanƙara Ba Ta Zuwa Kotu, Direba Ke Zuwa

A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke sauka lokacin hunturu, abin da direba ya fi faɗa bayan ya yi karo shi ne, "Santsi ne ya kwashe ni." Gaskiya yake faɗa, amma alƙali ba ya tsayawa nan. Tambayarsa ita ce: tunda ka ga yanayin gari, me ka yi?

Mu ɗauki Jamus, inda doka ta fito fili a kan wannan batu. Tun Disamban 2010, duk wanda zai hau titi alhali akwai ƙanƙara ko dusarta, dole motarsa ta kasance da tayoyin hunturu. Robarsu ba ta sandarewa cikin sanyi, zanensu kuma yana kama ƙasa. Dokar ba ta yanke rana ba, yanayin titi take dubawa, ko da yake mutanen ƙasar sun saba sa tayoyin daga Oktoba har zuwa bikin Ista. Wanda aka kama da tayar bazara zai biya tarar Yuro 60, a kuma rubuta masa maki ɗaya na laifi a rajistar direbobi da ke Filensbag. Idan har ya yi haɗari, tarar ta koma Yuro 120. Lardin Kubek na Kanada kuwa rana ya tsayar: daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, babu fita sai da tayar hunturu.

Tara ita ce ƙaramar magana. Babbar tana wajen diyya. A dokar Jamus, mai mota yana ɗauke da alhakin ɓarnar da motarsa ta yi ko da ba shi da laifi, domin ana ganin fito da mota titi kansa haɗari ne ga jama'a. Ba ya kuɓuta sai abin da ya faru ya fi ƙarfin kowa, kuma santsin hunturu ba ya cikin wannan sahu, tunda kowa ya san yana tafe duk shekara. Wanda ya daki mota ta baya, shi ake fara ɗora wa laifi, sai in ya kawo hujjar da za ta wanke shi. Kamfanin inshora zai biya wanda aka yi wa ɓarna, amma idan aka zo gyaran motar direban kansa, yana iya zaftare kuɗin in ya tabbatar an yi ganganci.

A ganina wannan tsari ya yi daidai, domin lissafin ba ɓoyayye ba ne. Littafin dokokin hanya na Birtaniya ya yi gargaɗin cewa nisan da mota ke ci kafin ta tsaya yana iya ninkawa har sau goma a kan ƙanƙara. Mafi sharri ita ce wadda ba a gani: siririn ruwa ya daskare a kan kwalta, ido ya ɗauka jiƙa ce kawai, sai ka taka birki ka ji sitiyari ya zama holoƙo a hannunka, ƙarar taya ma ta ɗauke. Gada ita ke fara daskarewa, saboda iska mai sanyi tana bugun ta sama da ƙasa. Direban da ya san haka yana rage gudu tun kafin ya hau, ya ba motar gaba tazara, ya taɓa birki a hankali, ya kuma share dusar da ta taru a gilashi da rufin mota kafin ya tashi. Masu kankare ɗan gurbin leƙe a gilashin gaba su kama hanya, su ma Jamus tana cin su tara.

Ba kullum laifin ke tsayawa kan direba shi kaɗai ba. Ranar 11 ga Fabrairun 2021, motoci kusan 130 suka afka wa juna a wata babbar hanya a Fot Wot, jihar Tekzas ta Amurka, mutum 6 suka rasu. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar ta gano cewa kamfanin da ke kula da hanyar bai sa ido yadda ya kamata ba lokacin da ruwan ya daskare. Duk da haka ta ce gudun da direbobi ke yi ya wuce abin da yanayin ya lamunta.

Mu a nan ba mu da dusar ƙanƙara, amma muna da hazo, kuma ƙa'ida guda ta shafe mu. Dokar Jamus ta ce kada direba ya yi gudun da ba zai iya tsayawa a cikin tazarar da idonsa ke gani ba. Idan ganin bai kai mita 50 ba, kada ya wuce kilomita 50 a awa. Mai bin hanyar Kano zuwa Katsina da asubahin Janairu ya riƙe wannan: ya kunna fitila, ya sassauta ƙafa, kada ya yi obatekin a inda ba ya hango abin da ke tafe. Ɗalibanmu da 'yan ci-rani da ke tuƙi a Turai da Kanada kuwa, su duba tayoyinsu da takardar inshorarsu tun kafin sanyi ya kankama.