Yis da Sirrin Rabuwar Ƙwayoyin Halitta

Yis ɗin nan da ake zubawa a kwaɓin burodi da fanke, halitta ce mai ƙwaya ɗaya tak. In ta sami sukari da ɗumi, takan zama biyu cikin kimanin minti 90. Wannan sauri shi ya ja hankalin masana.

A farkon shekarun 1970, Leland Hartwell na Jami'ar Washington a Amurka ya ware ƙwayoyin yis masu nakasa, waɗanda kan hayayyafa a awon zafi 23, amma su cije a 36. Matakin da kowace ta tsaya shi ya nuna masa aikin ƙwayar gadon da ta lalace.

A 1987, Paul Nurse da Melanie Lee a Landan suka dasa ƙwayar gadon ɗan Adam cikin wani nau'in yis mai irin wannan nakasa, sai ya ci gaba da rabuwa. Ashe linzami guda ke sarrafa rabuwar ƙwayoyinmu da na yis! Ciwon daji kuwa yakan taso ne in linzamin ya tsinke.

Hartwell da Nurse, tare da Tim Hunt, sun sami lambar Nobel a 2001.