NOMA DA KIWO: Yadda Manoman Amurka Ke Sa A Ƙara Wa Injin A-Kori-Kura Ƙarfi

A ƙasar Amurka, manomi ko makiyayi ba ya rabuwa da motarsa a-kori-kura. Da ita ya ke jan tirelar shanu zuwa kasuwa, da ita ya ke ɗauko taki da harawa. Manyan motocin nan galibi masu shan dizal ne, kuma iri uku su ka fi yawa, watau Ford mai injin Power Stroke, da Ram mai injin Cummins, da Chevrolet mai injin Duramax. Kamfanin Cummins ya fara sa injinsa cikin waɗannan motoci tun 1989.

To, manomi ya kan ga ƙarfin motarsa bai ishe shi ba, musamman in ya ɗaura tirela ya nufi hawan tudu. Sai ya sake mata waɗansu kaya. Ya sa babban tarbo, watau mazugar nan da ke cusa wa inji iska, ya sa manyan nozul masu fesa mai, ko kuwa ya sa manyan tayoyi saboda taɓon gona. Amma fa duk wannan bai gama aiki ba. A zamanin da, bakanike ke kwance famfon mai ya juya shi da hannu, mota ta ƙara ƙarfi, shi ke nan. Motocin yanzu kuwa akwai wata 'yar kwamfuta cikinsu wadda ke ƙayyade yawan man da za a fesa, da lokacin fesa shi, da yawan iskar da tarbo zai tura. Ita ba ta san an sake kaya ba, lissafin da kamfani ya sa mata shi ta ke bi. Don haka tilas a sake mata lissafi, abin da ake kira saitin inji ke nan.

Saitin iri biyu ne. Akwai na kanti, wanda aka yi wa kowa da kowa, kamar rigar da aka ɗinka aka rataye a kasuwa. Akwai kuma wanda mutum ke yin odarsa musamman, kamar ya je wurin tela a gwada shi. Motar da aka sake wa kaya na biyun nan ta ke bukata.

Ga yadda ake yin odar. Manomi ya kan aika wa gwanin saiti lambar jikin motarsa, wadda ke da harufa da lambobi 17, da shekarar da aka ƙera ta, da irin giyarta, sa'an nan ya lissafa duk abin da ya sake, har girman taya. Taya ba ƙaramin abu ba ce a nan, gama in ta ƙara girma agogon gudu sai ya riƙa yin ƙarya, giya mai canja kanta kuma ta riƙa shiga ba a kan kari ba. Har wa yau gwani zai tambayi nauyin kayan da ake ja, da irin ƙasar da motar ke aiki. Mutumin Denver, garin da ke bisa tudu ƙafa 5,280 daga bakin teku, iskarsa ba ta da kauri kamar ta mutumin gaɓar Texas, saitinsu ba zai zama ɗaya ba.

Gwani ba ya ko ganin motar. Yana zaune a wani gari mai nisa zai rubuta saitin da kayan aiki irin na EFILive ko HP Tuners, ya aiko ta intanet. Manomi ya zuba shi cikin wata 'yar na'ura, ya soka ta a kafar da ke ƙarƙashin sitiyari. Da farko na'urar za ta kwafe saitin kamfani ta ajiye, kana ta zuba sabon. Ana cikin zubawa in batir ya mutu, kwamfutar na iya lalacewa, shi ya sa masu hankali ke jona caja tukuna. Bayan wannan sai ya ɗaura tirela ya hau hanya, na'urar tana rubuta duk abin da inji ke yi, ya mayar wa gwani, gwani ya duba ya gyara ya sake aikowa. A kan yi haka sau biyu ko uku kafin abin ya zauna.

A nan ne manomi ke cutar kansa in bai faɗi gaskiya ba. Wani yana jan shanu, amma sai ya ce a ba shi saitin tsere, don ya ji ana yabonsa. Saitin jan kaya ƙarfi kaɗan ya ke ƙarawa, saitin tsere kuwa mai ya ke ɗurawa ba ƙaƙƙautawa. Ƙarin mai ƙarin zafi ne. Masanan wannan aiki sun ce kada zafin hayaƙin da ke fitowa daga inji ya daɗe sama da digiri 1,250 a ma'aunin Amurkawa, watau kusan 680 a ma'aunin da aka saba da shi. In ya daɗe sama da haka, fistin na sanholo ne, sai ya tsage ko ya narke, gaskit ya ƙone. Ko da shi ke inji na iya jurewa, giya ba lalle ta jure ba, domin an auna ta ne daidai da ƙarfin asali. Saboda haka gwanin kirki ya kan ce a sa agogon zafin hayaƙi, a kuma saita giya tare da inji. Waɗansu su kan karɓi saiti biyar a lokaci guda, da wani ɗan maɓalli na juyawa daga wannan zuwa wancan. Lalle wannan dabara ce mai kyau, sai dai ran da yaron gida ya ɗauki mota da kaya ya juya maɓallin zuwa na biyar.

Sa'an nan akwai garanti. Kamfani na iya gane an taɓa kwamfuta, kuma in inji ya lalace saboda saitin, aljihun manomi ne zai biya.

Akwai kuma doka. Tun daga 2007 aka riƙa sa wa motocin nan matatar baƙin hayaƙi a salansa, daga baya aka ƙara wani ruwa mai sinadarin yuriya, irin na taki, da ake fesa wa hayaƙin. Manoma da yawa sun yi kuka da waɗannan kaya, domin in sun sami matsala mota kan rage gudu har ta koma mil 5 cikin awa, ga shanu a tirela, ga rana. Waɗansu sai su ka cire su, su ka sa saitin da ke rufe wa kwamfuta ido. Dokar tsabtar iska ta Amurka kuwa ta hana wannan. A 2020 hukumar kula da muhalli ta ƙasar ta ce an cire kayan nan daga motocin dizal fiye da 550,000 cikin shekara goma, watau wajen kashi 15 cikin 100, kuma ta ci tarar kamfanonin saiti da dama. A watan Agusta na 2025 hukumar ta saurari kukan manoma, ta ce kamfanoni su sassauta wannan rage gudu na farat ɗaya. Saitin da ya bar kayan hayaƙi a wurinsu, wanda kuma jihar Kalifoniya ta gwada ta ba shi lamba, shi ne wanda ba a jayayya a kansa.

Irin waɗannan motoci na hannu su kan sauka a Ikko da Kwatano, wata kuwa tana zuwa da saitin mai ita na farko. An yi saitin ne domin dizal na Amurka, wanda tun 2006 aka rage masa farar wuta ƙwarai, ba domin man jarka na bakin hanya ba, ba kuma domin zafin Sakkwato na watan Afrilu, mai wuce digiri 40, ba. Manomin da zai saya sai ya sa bakanike mai na'ura ya duba kwamfutar, ya leƙa salansa ya ga ko matatar tana nan, ya kuma tambayi dillali ko 'yar na'urar da ke riƙe da saitin kamfani ta zo tare da motar.