Tafkin da ake yi wa numfashi da bututu

A jihar Luzern ta ƙasar Suwizalan akwai tafkin Baldegg mai zurfin kusan mita 66, wanda tun 1982 ake tura wa iskar oksijin ta bututu har can ƙasansa. Tafkin Sempach ya bi sahu a 1984. Kashin aladu da takin gonakin yankin, da ƙazantar garuruwa, su ne suka yi ta kwarara cikin ruwan ɗauke da sinadarin fosfaras, gansakuka ta samu abinci ta bunƙasa. In ta mutu sai ta nutse, bakteriya su shiga ruɓar da ita suna shanye oksijin ɗin ƙasa. Lokacin zafi kuwa ruwan saman tafki mai ɗumi yakan kwanta kan mai sanyi ba sa gauraya, ƙasan tafki ya shaƙe. Shi ya sa a Baldegg ake hura zallar oksijin lokacin zafi, lokacin sanyi kuma a hura iska don ruwan ya juya.

Fatan farko shi ne oksijin ya ɗaure fosfaras cikin taɓon ƙasa, kada ya sake tasowa. Hakan bai samu ba. A 1998, René Gächter da Bernhard Wehrli na cibiyar binciken ruwa ta Eawag sun nuna cewa shekara goma ana hurawa, taɓon bai fasa sakin fosfaras ba, domin matacciyar gansakukar da ke zubowa ta fi ƙarfin iskar. Ana magani kai na kaba. Abin da ya rage fosfaras daga tudu ya zo: tace ruwan ƙazanta, hana sa fosfaras a garin sabulun wanki a 1986, da taƙaita zuba taki.

Wani zai ce ashe kuɗin bututu asara ne. Ban yarda ba. Dokar ƙasar ta buƙaci aƙalla miligram 4 na oksijin a kowace lita, kuma da taimakon bututun kifi da ƙananan halittu sun samu komawa zurfi. Haɗarin shi ne ruwa ya yi kyau a ido, a sassauta wa masu kiwo, alhali ƙwan kifi na ci gaba da mutuwa a kan taɓo, sai an ƙyanƙyashe a wani wuri an kawo. Fiye da shekara 40 ke nan, ba a kashe injin Baldegg ba, don takin da ke gangarowa daga gonaki bai ragu yadda ya kamata ba.