Ƙarin Ruwa a Shagon Gyaran Jiki: Wa Ya Ba Su Izini?

Tun kaka da kakanni gyaran amarya aikin mata ne, kuma ba a san shi da wani babban haɗari ba, domin abin da ake yi bai wuce lalle da kurkur, da dilka da halawa waɗanda suka shigo mana ta wajen Barno da Sudan, da turaren tsuguno, sai kuwa kaza da tsimi da gumba da tsofaffi ke ɗura wa yarinya har sai ta roƙi arziki. Dukkan waɗannan kuwa, ko sun yi amfani ko ba su yi ba, a bayan fata suke tsayawa ko kuma su bi hanyar da abinci ke bi. Amma a 'yan shekarun nan, musamman a manyan birane irin su Kano da Kaduna da Abuja, allura da ƙarin ruwa sun kutsa cikin wannan sana'a, har ta kai ga matar da jiya aikinta murza dilka ne, yau ta sanya farar riga, yaran shagonta suna kiranta Dakta, tana lalubar jijiya a bayan hannun 'yar mutane, alhali babu wanda ya tsaya ya tambaye ta a hannun wa ta koyi haka.

Na taɓa raka ɗiyar ƙanwata irin wannan shago ana gab da bikinta. Daga ƙofa ba ka ganin komai sai madubai da ƙamshin humra, amma a bayan labule akwai gadaje biyu, a kan ɗaya wata yarinya ce kwance tana latsa waya, robar ruwa rataye da ƙusa a bango, a ƙasa kuma kwali cike da 'yan kwalabe masu rubutun da babu mai iya karanta shi a cikinmu, babu lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, a jikin ko guda. Da na tambayi mai shagon abin da ke cikin ruwan, sai ta yi dariya ta ce, "Haba Hajiya, ai bitamin ne kawai, ba magani ba ne." Da na ƙara tambaya ko ita likita ce, sai ta nuna mini wata takarda mai zanen zinariya da aka lulluɓe da gilashi a bango, wadda ke shaida cewa ta halarci kwas na mako biyu a wata ƙasar waje. Na kama hannun yarinyarmu muka fito, tana fushi, uwarta ma da muka koma gida cewa ta yi na cika tsanani, ai kowa ma yana yi.

Wannan takarda ta bango ita ce ta fi ci mini rai, domin ita ce ke rufe wa jama'a ido. Shaidar halartar kwas abin da take tabbatarwa kurum shi ne mutum ya biya kuɗi ya zauna a aji. Ba ijaza ba ce, ba ta halatta masa huda fatar kowa, ko da kuwa daga Ingila aka kawo ta. A Nijeriya wanda doka ta kira likita shi ne wanda ya yi shekara 6 a jami'a yana karatun likitanci, ya ƙara shekara 1 yana aiki a asibiti ƙarƙashin idon manyansa, sa'an nan Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wato MDCN, wadda aka kafa tun 1963, ta shigar da sunansa cikin rajista ta ba shi lamba, kuma kowace shekara wajibi ne ya sabunta lasisinsa. Sashe na 17 na dokar wannan majalisa ya mai da shi laifi ga wanda ba ya cikin rajista ya yi aikin likita don neman lada, ko ya laƙaba wa kansa sunan likita don mutane su ɗauka shi ne, hukuncin kuwa yana iya kaiwa ɗaurin shekara 5. Ma'aikaciyar jinya, wadda muke kira nas, tana da tata majalisar da nata lasisin, kuma ta iya sa kanula fiye da likitoci da yawa, amma haddinta shi ne ta ba da abin da likita ya rubuta bayan ya duba marar lafiya, ba ta buɗe ɗaki ta zama ita ce mai dubawa da rubutawa da yi ba. Mai kemis kuwa, wanda lasisinsa daga majalisar masu harhaɗa magunguna yake, an yarje masa ya sayar da ƙananan magunguna a cikin kwalinsu, ba a yarje masa yin allura ba sam, duk da cewa kowa ya san abin da ke gudana a bayan kanta.

Magabatanmu ba su jahilci wannan iyakancewa ba. Wanzami yana kaciya da ƙaho da cire belu, amma ba a kai masa karaya, sai a nufi gidan maɗori, kuma kowannensu an san ubansa da wanda ya koya masa, in ya yi ɓarna an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Tun a shekara ta 931 ma, wato 319 bayan Hijira, da labari ya kai ga Halifa Muƙtadir a Bagadaza cewa wani mutum ya mutu saboda kuskuren mai magani, sai ya umarci muhtasibi, wato jami'in hisba, ya hana kowa taɓa marar lafiya face wanda babban ɗabibinsa Sinanu ɗan Sabitu ya jarraba ya ba shi takarda da hannunsa, aka jarraba mutum fiye da 860. Malaman fiƙihu kuma ba su yi saɓani ba, kamar yadda Ibn Rushdi ya ambata a Bidayatul Mujtahid, cewa wanda ya yi aikin magani alhali shi ba ahalinsa ba ne, lamunin abin da ya ɓata yana wuyansa, domin ya ƙetare haddi. Malamanmu na Malikiyya sun ƙara da cewa hukuma ta ladabtar da shi.

To, me ke cikin ruwan nan da ake cewa bitamin ne kawai? Galibi wani sinadari ne da ake kira gulutatayon, a gauraya shi da bitamin C, da nufin a haskaka fata daga ciki. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince da kowace allura don hasken fata ba, takwararta ta ƙasar Filifins kuwa, inda wannan allura ta yi kasuwa ƙwarai, ta yi gargaɗi cewa tana iya taɓa ƙoda da hanta, tana kuma iya jawo wata mummunar cuta da fata ke saɓulewa kamar ta wanda wuta ta ƙona. Wannan fa in abin da ke cikin kwalbar shi ne abin da aka rubuta a jikinta ke nan. Amma abin da ya fi tsorata ni ya fi wannan gaggawa: akwai jikin da magani ba ya karɓarsa, da zarar ya shiga jijiya sai maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya sarƙe, jini ya faɗi, kuma tsakanin wannan da mutuwa 'yan mintoci ne, ba abin da ke ceto sai allurar adirenalin nan take, da iskar shaƙa, da mutumin da ya san alamar tun kafin ta tsananta. Shin a kwas na mako biyu aka koyar da wannan? Haka kuma allurar cika leɓe da kumatu, in ta kuskure ta faɗa cikin jijiyar jini, tana iya kashe naman wurin ko ta makantar da ido. Sha-ka-fashe da ake ba 'yan mata don su yi ƙiba, wanda sau da yawa dekzametazon ne, kumburi yake kawowa ba lafiya ba, a bayansa kuma ga ciwon sukari da hawan jini da nankarwa. NAFDAC ta bayyana a 2023 cewa bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa, tana kafa hujja da ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kayan hasken fata. Inda kasuwa ta kai haka kuwa, ba mamaki kowa ya nemi farar riga.

Kada kuma a ɗauka cewa da zarar mutum likita ne shi ke nan komai ya halatta gare shi. Tiyatar zuƙe kitse daga ciki ko ƙara shi a mazaunai aikin ƙwararren likitan fiɗa ne, wanda bayan karatun farko ya ƙara wasu shekaru, galibi 5 zuwa 6, ƙarƙashin Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa ko Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma, kuma a asibitin da ke da likitan sa barci da jini da ɗakin kulawa ta musamman. Ko an cika sharuɗɗa ma haɗarin bai gushe ba. Stella Obasanjo, matar shugaban ƙasa a lokacin, ta rasu ranar 23 ga Oktoba 2005 a Marbella ta ƙasar Sifen bayan tiyatar zuƙe kitse, inda bututun zuƙe kitsen ya huda hanjinta. A 2009 kotu ta yanke wa likitan ɗaurin shekara 1 ta kuma hana shi aiki shekara 3 saboda sakaci. Shi ɗin an samu damar hukunta shi domin yana da suna a rajista da lasisin da za a karɓe. Mai shagon bayan labule kuwa ba ta da abin da za a karɓe, ranar da abu ya ɓaci sai ta rufe shago ta sauya lamba, bayan wata biyu ta buɗe a wata unguwa da sabon suna.

Laifin nan ba na masu shago kaɗai ba ne, kuma a nan dole in yi magana da iyaye. Uwar da za ta kwana uku tana zagayen Kantin Kwari tana murza atamfa da yatsa don kada a sayar mata da jabu, ita ce za ta miƙa hannun 'yarta ga wadda ta gani a Instagram ba tare da tambaya ɗaya ba, wai tana jin nauyi. Wace kunya ce a tambaya? Duk abin da zai huda fata ko ya shiga jijiya, a tambayi cikakken sunan mai yi da lambar rajistarsa, a ce ya nuna lasisin bana, ba takardar kwas ba, ba hoto da wani Bature ba. Likitan gaskiya ba ya jin haushin wannan, wanda ya fusata kuwa ya riga ya ba da amsa. A tambaya ko wurin yana da rajista da hukumar jiha mai kula da asibitoci masu zaman kansu, irin PHIMA a Kano. A karɓi kwalbar a hannu a duba suna da lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a ga an ɓare sabuwar allura a gaban ido, domin ciwon hanta da ƙanjamau ba su damu da ƙamshin shago ba.

In kuwa aikin gama ya gama, yarinya ta fara kumburi ko fitsari ya ragu ko ido ya yi rawaya, a garzaya asibiti, a tafi da kwalbar ko hotonta, a kuma gaya wa likita gaskiya tun a tambayar farko. Yawancin iyaye a nan suke ƙara ɓata lamari, su ce zazzaɓi ne kawai, saboda tsoron kada dangin miji su ji, likita ya ɓata kwanaki yana neman maleriya da taifot alhali ƙoda ce ke tafiya. Bayan haka a kai ƙara ga hukumar jiha da ofishin NAFDAC mafi kusa, da suna da adireshin shagon, ko da mai shagon ƙawar uwa ce, domin akwai wata amaryar da aka riga aka ba rana a satin gaba.