Fassara Alkaluman Tazarar Sauka a Littafin Matuƙin Jirgin Sama

Kowane jirgin fasinja yana da littafin jagora wanda kamfanin da ya ƙera shi ya tanada wa matuƙi. A ciki akwai jadawalin da ke nuna tsawon titin da jirgin ke bukata kafin ya tsaya cak. Sai dai alkalami, tamkar kalma a cikin jimla, ba ya ba da ma'ana sai an san muhallin da aka furta shi.

Idan aka ce "ainihin tazarar sauka", ana nufin nisan da jirgi ya ci tun daga lokacin da ya ƙetare bakin titi yana ƙafa 50 a sama har zuwa inda ya tsaya. Ƙwararrun matuƙan gwaji ne ke samar da wannan adadi, a kan busasshen titi, suna taka birki iya ƙarfinsa. Matuƙin yau da kullum, da fasinjoji a bayansa, ba haka yake sauka ba. Saboda haka doka ta ce kafin jirgi mai injin jet ya tashi, wajibi ne a tabbatar zai iya tsayawa a cikin kashi 60 cikin 100 na titin da zai sauka. Misali, idan jadawali ya nuna mita 1,500, to titin mita 2,500 ake bukata. Idan kuwa titin jiƙaƙƙe ne, sai a ƙara kashi 15 cikin 100, ya zama mita 2,875. Nauyin jirgi, da tudun filin, da iskar da ke turowa daga baya, duk suna ƙara tazarar.

Abin da ya fi muhimmanci, a ganina, shi ne sanin sharuɗɗan da aka gina adadin a kansu. A ranar 8 ga Disamba, 2005, wani Boeing 737 na kamfanin Southwest Airlines ya sauka a filin Midway na Shikago, a Amurka, ana zubar dusar ƙanƙara. Lissafin da kwamfutar matuƙan ta ba su ya ɗauka cewa za a kunna birkin inji (wato na'urar da ke karkatar da iskar inji zuwa gaba) da zarar tayoyi sun taɓa ƙasa. An yi jinkirin kimanin daƙiƙa 18. Jirgin ya zarce titi, ya fasa shinge, ya afka wa motoci, wani yaro ɗan shekara shida ya rasu.

Bayan wannan hatsari, a 2006 hukumar jiragen sama ta Amurka ta shawarci kamfanoni su riƙa sake lissafi gab da sauka, bisa halin da titi ke ciki, tare da ƙarin kashi 15 cikin 100. Daga Nuwamban 2021 kuma aka daidaita yadda ake bayyana halin titi a duniya da lamba 0 zuwa 6: lamba 6 busasshen titi ce, 0 kuwa santsin da birki ba ya kamawa.