Reza da kilifa a shagunan Damilu: ina haɗarin yake?

Ranar jajibirin Sallah, shagunan kitso da na aski a unguwar Damilu da ke Jimeta ba masaka tsinke. Wannan na kan kujera, wancan na jiran layi, kilifa ba ta samun hutu balle wanka. A irin wannan rububi ne mutane ke tambaya ko ana iya kwasar ƙanjamau a wurin gyaran kai.

Ana iyawa, amma da wuya ƙwarai. Ƙwayar cutar ba ta bi ta gumi, ko mataji, ko tawul, ko kwaɓin lalle. Sai ta samu ɗanyen jinin mai ɗauke da ita, ta kuma samu kafa a fatar wani, kuma da jinin ya bushe ƙarfinta ke karyewa. Ko ma'aikatan asibiti da allurar mai cutar ta soka, kusan 3 cikin 1,000 ne ke kamuwa. Saboda haka mai kitson da ta kori mace don an ce tana karɓar magani, zalunci kawai ta yi. Mai shan maganinta a kan kari ma, ƙwayar kan ragu a jininta har awo ya kasa ganinta.

Abin da ya fi cancantar tsoro shi ne ciwon hanta nau'in B, wanda ba a cika zancensa ba. Binciken ƙasa na 2018 ya samu ƙanjamau a jikin kashi 1.4 cikin 100 na manyan Najeriya, ciwon hanta kuwa kashi 8.1. Ƙwayarsa kan yi kwana 7 da ranta a busasshen jinin da ido bai ma gani, kuma ta fi ta ƙanjamau saurin kama mutum nesa ba kusa ba. Mai ita kan yi shekaru garau yana yawo bai sani ba, hanta na lalacewa a hankali.

Kayan da za a sa wa ido su ne masu yanka da masu suka: rezar gyaran gira da gefen kai, allurar ɗinka gashin kanti, abin hujin kunne, almakashin masu yawon yankan farce, sai askar wanzami da ƙahonsa. Kilifa ma tana gwabje ƙuraje a ƙeya. Goge ta da kananzir ko fetur, ko a nuna mata wutar ashana na ɗan lokaci, wanke ido ne kurum. Gyara na gaskiya shi ne a kakkaɓe gashi, a wanke ƙarfen da sabulu, sannan a tafasa shi minti 20, ko a jiƙa shi minti 10 a ruwan Jik, kashi 1 cikin kashi 6 na ruwa. Reza kuwa ba ta da wanki. A ɓare sabuwa a gabanka, a jefar da ita bayan an gama.

In aka yanke ka da ƙarfen da ya taɓa jinin wani, ka wanke wurin da sabulu, ka nufi Asibitin Ƙwararru na Jimeta ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama. Akwai maganin kariya daga ƙanjamau da ake sha kwana 28, amma sai an fara shi cikin awa 72. Rigakafin ciwon hanta kuma sai a 2004 ya shiga jerin alluran jarirai a Najeriya. Duk wanda aka haifa kafin wannan shekara, musamman mai riƙe da aska ko allura a sana'arsa, ya je a auna jininsa a yi masa allurar.