Halaccin kamun kifi bai halatta zuba guba a ruwa ba

A aya ta 96 ta Suratul Ma'ida, Allah Maɗaukakin Sarki ya halatta mana kamun abin da ke cikin ruwa, amma bai ba mu izinin ƙarar da shi ba. Wanda ya zuba maganin ƙwari a tafki don ya kwashi kifi, ya kashe manya da ƙanana har da ƙwai, ya gurɓata mashayar dabbobi, sannan ya sayar wa 'yan'uwansa abin da zai cutar da su. Wannan ɓarna ce a bayan ƙasa.

Mu yi koyi da Argungu, inda ake hana kamun kifi a Matan Fada sai ranar biki, domin kifi ya hayayyafa. Mu ji tsoron Allah, mu bar wa jikokinmu rabonsu.